Wanzami Ba Ya Son Jarfa

 

Ran nan wani tsohon almajirina ya zo gaishe ni bayan sallar La'asar. Na san shi tun yana rataye da allo, yau kuwa ga shi magidanci mai 'ya'ya biyu, ya gama jami'a inda ya karanci ilmin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da muka gama gaisawa na ce masa, "Yaya aiki?" Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ai aikin ne ya kawo ni." Na saurare shi har aka kira Magariba. Na kuwa nemi izninsa in kawo maganar a wannan fili, domin na tabbata ba shi kaɗai ke cikin wannan hali ba. Ya yarda, bisa sharaɗin ba zan faɗi sunansa ko sunan wurin aikinsa ba.

Yaron nan yana aiki ne a wani ƙaramin kamfanin ba da shawara. Ga wanda bai san irin waɗannan kamfanoni ba, ba su da masaƙa, ba su da kanti, ba su da hajar da mutum zai ɗauka ya jinjina. Abin sayarwarsu ilmi ne da shawara. Idan wata ma'aikatar gwamnati, ko ƙaramar hukuma, ko ƙungiyar agaji ta so ta haƙa rijiyoyin burtsatse, ko ta gina asibiti, ko ta gyara tsarin ofishinta, sai ta kira su su je su bincika, su rubuto rahoto su ce ga yadda za a yi, ga abin da za a kashe, sa'an nan a biya su. Wanda ya zaga Kaduna ko Kano ko Abuja zai ga allunansu a jikin benaye: ɗaki biyu ko uku, 'yan kwamfutoci, janareta, da mota ɗaya a ƙofa. Su 11 ne a nasu kamfanin, har da direba da masinja. Mai kamfanin kuwa shi ne manaja, shi ne ma'aji, shi ne alƙalin kowace rigima, kowa Maigida yake ce masa.

Kukansa yana da yawa, amma ga gundarinsa. Ya fi shekara uku yana aiki ba a ba shi takardar ɗaukar aiki ba, da baki aka yi komai. Albashin da aka yanka masa tun kafin a janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 shi ne dai har yau, alhali kuɗin mota daga gidansa zuwa ofis ya ninka. Wannan albashin ma yanzu yana bin kamfani na wata uku, in an yi magana Maigida ya ce gwamnati ba ta biya ba tukuna, a ƙara haƙuri. In aiki ya matso sai a kai bayan Lisha a ofis, har da Asabar da Lahadi, ba a ƙara ko kwabo. In an gama rahoto sunan Maigida kaɗai ke jikin bango, amma in za a nemi sabuwar kwangila takardun shaidar karatun yaran ake jerawa a gaba, har da na waɗanda suka bar aiki tuni.

Na tambaye shi ko mutumin nan mugu ne. Ya ce, "A'a wallahi, Malam. Sahun farko ba ya wuce shi. Da aka yi mini haihuwa shi ya ba ni ragon suna, da azumi kuma yakan raba mana shinkafa." Wannan amsa ta fi komai ba ni tsoro. Da azzalumin da gari ya sani ne, da sauƙi, ko banza shi kansa ya san abin da yake yi. Amma mutumin kirki wanda yake kyauta da hannun dama yana riƙe haƙƙi da hannun hagu, bai kuma ga wata matsala a tsakani ba, wannan ai da yawanmu ne.

Abin da ya kawo shi wurina bai kai ga wannan duka ba sai da aka zo kan rijiyoyi. An ba kamfaninsu aikin auna inda za a haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyuka 20. A yankin da suke aiki, kamar yawancin ƙasar Zazzau da kudancin Kano, dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa, ruwa kuwa yana taruwa ne a tsagar dutsen da inda ya ruɓe, saboda haka sai an je da na'ura an aika lantarki cikin ƙasa an auna kafin a ce ga wurin da ya dace. In an kuskure ana iya kashe kuɗi mai yawa a tarar da busasshen rami. To, Maigida ya ba da kuɗin mai da na guzuri da ya isa ƙauyuka 12 kawai. Sauran 8 ɗin ya ce a cike su daga wani tsohon rahoto na ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su, wai ai ƙasar duk ɗaya ce. Sai yaron ya yi mini tambaya biyu. Ya ce tun da Maigida ne ya fara tauye shi, ko ya halatta shi ma ya rama, ya riƙa yi wa wasu aiki da na'urar kamfani a lokacin ofis? Kuma in ya cike ƙauyukan nan 8 bisa umurni, zunubin na wane ne?

Kafin in zo ga amsa, ya kamata mai karatu ya san inda dokar ƙasa ta tsaya, domin a nan ne nauyin maganar yake. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa tun zamanin mulkin Janar Gowon, ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku, kuma kada tazarar biyan albashi ta wuce wata ɗaya. Sai dai dokar ta fitar da masu aikin ƙwarewa da na shugabanci daga cikin waɗanda take kira ma'aikata, watau injiniya da akanta da irinsu sai dai su dogara da yarjejeniyarsu, ga shi kuwa da yawa ba a rubuta musu ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Dokar fansho ta 2014, wadda ta ce mai kamfani ya zuba kashi 10 cikin 100 ma'aikaci ya zuba kashi 8, a nassinta ta ambaci wurin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama, da wannan ne masu ƙananan kamfanoni suke fakewa. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano da Kaduna, amma wanda yake bin albashin wata uku ina zai sami kuɗin lauya, kuma da wace fuska zai koma ofishin da ke da ɗaki uku? Ƙungiyar ƙwadago ba ta san da su ba. Ashe ke nan a irin wannan wuri babu mai tsare ma'aikaci sai abin da ke cikin zuciyar maigidansa.

Shari'a kuwa ba ta ƙirga yawan ma'aikata kafin ta yi hukunci. Mutum ɗaya ka ɗauka ya share maka ƙofar gida, ka shiga babin ijara. Duk almajirin da ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya san ijara ba ta inganta sai an yanka mata ajali an kuma ambaci lada. Allah Maɗaukaki da kansa ya ba mu labarin wata ijara a Suratul Ƙasasi, daga aya ta 26 zuwa ta 28, tsakanin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da dattijon Madyana. Masu wa'azi sun fi son su tsaya a kan maganar 'yar dattijon, wadda ta yaba wa Annabi Musa da ƙarfi da amana, domin wannan aya ce da ake karanta wa ma'aikaci. Amma a duba abin da ya biyo baya, wanda ya shafi maigida. Dattijon ya faɗi adadin shekaru a fili, takwas, ya kuma bayyana cewa ƙarin biyun da za su cika goma kyauta ce daga Annabi Musa in ya ga dama. Ya yi alkawarin ba zai tsananta masa ba. Annabi Musa ya maimaita sharaɗin da bakinsa, suka sa Allah shaida. Ga surukai, ga mutanen kirki, amma ba su ce "ai mun zama ɗaya" su bar magana a dunƙule ba. Saboda haka duk maigidan da aka nemi takarda a wurinsa ya ce, "Haba, ba ka yarda da ni ba ne?" to, ya san waɗanda suka fi shi sun fayyace. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, albashin da aka jinkirta kuwa bashi ne.

Yanzu sai mu zo ga uzurin Maigida, kuma adalci ne a saurare shi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne ma'aikatun gwamnati sukan riƙe kuɗin kwangila wata da watanni. Gaskiya ne haya da man janareta ba sa jira, bashin banki kuwa ga kuɗin ruwa mai halakarwa, ga haramci. Wanda yake cikin ƙunci na haƙiƙa, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umurci mai bin sa bashi ya saurara masa har ya samu. Ban ce kowane jinkiri zalunci ne ba. Hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito ya ɗora sunan zalunci ne a kan jinkirin mawadaci.

Amma akwai tambayar da Maigida ba zai iya tsallakewa ba. Malaman fiƙihu sun bambanta wanda ka ɗauka ya ba ka lokacinsa, da wanda kuka haɗa jari ko kuka yi ƙiradi. Na farko ladansa ya wajaba da zarar ya miƙa maka lokacinsa, ko ka ci riba ko ka faɗi, ko wanda ka yi wa aiki ya biya ko bai biya ba, domin ba da gwamnati ya yi yarjejeniya ba, da kai ya yi. Na biyu shi ne ake ce wa ya jira a ga abin da kasuwa ta yi, kuma dalilin da ya sa yake jira shi ne in riba ta zo yana da kaso. Ƙa'ida ce sananniya cewa riba da ɗaukar asara tare suke tafiya. To, Maigida ya zaɓa. Idan yaran nan abokan tarayya ne da za su jira gwamnati tare da shi, ranar da aka biya sai a baje littafi a raba. Idan kuma ma'aikata ne masu albashi, sai ya nemo kuɗinsu ko da zai sayar da mota. Abin da ake yi a wurare da yawa shi ne ranar wuya a ce "mu duka iyali ɗaya ne", ranar da kuɗi suka shigo kuma kowa ya tsaya a matsayinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan shi ne mudu biyu da Suratul Muɗaffifina ta yi wa narko: wanda in zai karɓa sai an cika masa, in zai bayar ya tauye. Kada wani ya ce ai wannan ta masu awon hatsi ce a Dawanau. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya gamu da wani mutum da bai halarci sallar La'asar ba, ya tambaye shi dalili, da ya kawo uzurinsa sai Umar ya ce masa ya tauye awo. Malik ya ƙara da cewa kowane abu yana da cikawa yana da tauyewa. A kamfanin ba da shawara mudun shi ne lokaci. Wanda yake yanke wa yaro albashi in ya makara da minti 30 da safe, amma ba ya ƙirga awa huɗu da ya riƙe shi da dare, tiyarsa biyu ce a kasuwa ɗaya. Hadisin Ƙudusi da ke cikin Buhari ya lissafa mutum uku da Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar Alƙiyama, na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci ya karɓi cikakken aiki ya hana shi lada. Ragon suna sadaka ce mai kyau, Allah ya ba da lada, amma ba ya biyan albashin wata uku.

Abin mamaki, mutanen nan sana'arsu ita ce koya wa wasu yadda ake shugabanci. Yaron ya gaya mini shi da hannunsa ya buga wa wata hukuma rahoto mai shafi da yawa a kan muhimmancin biyan ma'aikata a kan lokaci da sauraron na ƙasa, a daidai watan da shi kansa ya ci bashin kuɗin mota. Na yi dariya, shi ma ya yi, amma dariyar ba ta daɗi ba ce. Wanzami ba ya son jarfa. A ofishinsu in ƙarami ya ce "Maigida, wannan lissafin akwai gyara", sai a ce ya cika rawar kai. Alhali littattafan tarihi sun kawo cewa a Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, Hubabu ɗan Munziru ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko wurin da aka sauka wahayi ne ko dabarar yaƙi, da aka ce masa dabara ce sai ya nuna wani wuri da ya fi kusa da rijiyoyi, aka kuwa tashi aka koma can. Har yau da sunan Hubabu ake faɗin wannan shawara. Mai cire sunan yaransa daga aikin da suka kwana a kansa ya sa nasa shi kaɗai, ya karanta aya ta 188 a Suratu Ali Imrana a kan masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba. Jera takardun wanda ya bar aiki don a ci kwangila kuwa algus ne tsantsa, ba ya bukatar dogon bayani.

Na dawo ga tambayar almajirina ta farko. Malamai sun yi saɓani a kan wanda aka hana haƙƙinsa ya kuma sami damar ɗauka daga dukiyar wanda ya hana shi. Waɗanda suka halatta sun kafa hujja da labarin Hindu matar Abu Sufyana, wadda aka ba ta izni ta ɗauki abin da zai ishe ta da 'ya'yanta. Waɗanda suka hana sun kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya hana mutum ya ha'inci wanda ya ha'ince shi. Malamanmu na Malikiyya da suka yi sassauci sun gindaya sharaɗi, cewa sai ya aminta daga fitina da kuma jingina masa sata. Na ce masa, "Ɗana, na'urar nan amana aka ba ka, lokacin ofis kuma ka riga ka sayar. Ranar da aka kama ka, bashinka na wata uku ya tafi, kai ne za ka koma mai laifi, shi kuma ya sami abin faɗa. In kana son aikin waje, ka yi a lokacinka, ka yi hayar na'ura, ka kuma gaya masa a fili cewa yunwa ce ta sa." Bai ji daɗin wannan amsa ba, na gani a fuskarsa.

Tambaya ta biyu kuwa ba ta da saɓani ko kaɗan, domin ta fita daga tsakaninsa da Maigida. Hadisi ya tabbata, a cikin Abu Dawuda da Tirmizi, cewa wanda aka nemi shawararsa amana aka ɗora masa. Wannan hadisi shi ne jarin kamfanin ba da shawara gaba ɗaya, in ya tafi ba abin da ya rage sai kujeru. Wa zai sha wuyar ƙaryar nan? Hukumar da ta biya za ta yi asarar kuɗi, amma matan ƙauye da yaransu su ne za su ci gaba da tafiya rafi da tulu, suna wuce wani bututun ƙarfe da aka kafa aka ɗauki hoto ba ya kawo ko ɗigo. Ba su san Maigida ba, ba su ci masa komai ba. Wanda ya yi umurni yana da nasa zunubi, kuma shi ne mafi girma, amma hannun da ya rubuta lambobin da bai auna ba ya yi shaidar zur, kuma ba a yi wa abin halitta ɗa'a cikin saɓon Mahalicci. A nan ne ake ganin cewa tauye ma'aikaci ba ya tsayawa a kan ma'aikaci. Kuɗin man da aka riƙe a ofis shi ne yake fitowa a matsayin busasshiyar rijiya a ƙauyen da ba a taɓa zuwa ba.

Na san abin da nake nema a wurinsa ba ƙarami ba ne. Yana da mata da 'ya'ya, aiki kuwa ya yi wuya a ƙasar nan, ni kuma ina zaune a kan buzuna ba wanda zai kore ni. Saboda haka ban ce ya je ya yi wa Maigida tsawa ko ya ajiye aiki gobe ba. Mun zauna mun tsara abin da zai yiwu. Zai nemi biyu daga cikin abokan aikinsa waɗanda suka girme shi, su shiga wurin Maigida su kaɗai, ba a gaban direba da masinja ba, domin nasiha a bainar jama'a tozartawa ce. Za su roƙe shi ya rubuta wa kowa abin da yake bi da ranar da za a fara biya, ko da kaɗan-kaɗan ne. A kan rijiyoyin kuma zai ce a shirye yake ya tafi ƙauyukan nan 8 ko a motar haya, ya kwana a gidan dagaci, in an ba shi kuɗin mota da na masu ja masa waya. In an ce babu, to, a rubuta a rahoton cewa 12 aka auna, 8 suna nan tafe. Lambar da bai auna ba dai ba zai sa mata hannu ba.

Ya ce, "Malam, in ya kore ni fa?" Na ce masa ba ni da tabbacin ba zai kore shi ba, sai dai mutumin da yake tsayuwa a sahun farko akwai fatan in an tuna masa zai tuna. Na kuma ce in Maigida ya yarda, ni zan je ofishin da kaina mu zauna, ko shi ya zo nan zaure. Da zai tafi na ba shi lambar wani ɗan'uwa da ke aikin haƙar rijiyoyi, ko da ta ɓaci. Ranar Litinin za su shiga wurin Maigida, bayan sallar Azahar.